Fita Biyar Bayan Magariba

Limawa, Dutse.
Laraba, ƙarfe huɗu da minti ashirin, a ɗakin karatunka.

Assalamu alaika, Baba. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa kafin kai.

Amanarka ta cika, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Ka san manoman Buji uku da suke ajiye kuɗin riɗinsu a asusunka. Bayan sadakar arba'in ɗinka, Kawu Sani ya ce a fitar da nasu kafin rabon gado, ya miƙo min littafinka, tunda ni ce na karanto lissafi a jami'ar Kafin Hausa. Na kwafe shi layi-layi cikin manhajar lissafi, ina mayar da kwanan watan Musulunci zuwa na boko. Sannan na shigo da bayanan banki. Sai manhajar ta nuna giɓin naira dubu ɗari da goma sha biyu, fita biyar da babu su a rubutunka.

Kwana tara ban gaya wa kowa ba. Na goge, na sake shigarwa sau shida. Umma tana tambaya, ina cewa saura kaɗan.

Baba, na zarge ka. Na ce ko kuɗin makarantata ne ka taɓa amanar mutane ka biya? Kai da ba ka aron alƙalamin ɗalibi sai ka sanar da shi?

Yau na duba ragowar da ke ƙasan takardar banki, na ga ta fi ta manhaja da daidai wannan adadin. Sai na bi lokutan. Duk biyar ɗin bayan Magariba ka tura su, da ka tashi daga karatu. A wurinka rana ta faɗi, an shiga sabuwar rana, ka rubuta Juma'a. Banki ya rubuta Alhamis. Manhajar ba ta gane cewa fitar da ke littafinka da ta banki abu ɗaya ne sai kwanan wata ya zo daidai, shi ya sa ta ƙirga kowacce sau biyu. Na gyara biyar ɗin, giɓin ya rufe. Na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Asabar manoman za su zo su karɓa. Umma lafiya, sai ƙafar. Malam Habu ya riƙe karatun asuba, akuyarka ta haifi biyu.

Har yanzu ban san wace ce “mai marayu” da kake tura wa dubu uku duk wata ba, ko ta ji rasuwarka. Ban san abin da ka goge a shafi na sha bakwai ba. Ban san ko zan iya faɗa wa Umma abin da na yi zato ba. Ban kuma san ko ka yafe min ba.

Allah ya haskaka makwancinka, Baba.

’Yarka,
Rukayya