Kalmar da Na Canja Maka a Takardar Asibiti

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso ka ba. Ko kana raye ma, yanar ido ta daɗe da raba ka da karatu, ni ce idonka. To yau idon naka ne ya zo ya tona wa kansa asiri.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Tsofaffin ɗalibanka sun cika unguwarmu ta Soron Ɗinki, wasu har da furfura. Umma tana cikin takaba, ta rame, sai an matsa mata take cin loma biyu. Yaya Sani ya kwashe littattafanka, ni kuwa na ɓoye guda ɗaya, mai baƙin bangon nan da kake jera kalmomin Turanci bisa ga ƙarshensu.

Ka tuna? Shekara talatin kana koyarwa da wannan dabara, kana cewa Turanci ta wutsiya ake kama shi. Da zan shiga makarantar koyon jinya sai ka buɗe mini sabon shafi. Masu ƙarewa da itis, irin su gastritis, arthritis da tonsillitis, duk kumburi ne: na ciki, na gaɓoɓi, na maƙogwaro. Masu ƙarewa da oma, irin su carcinoma da sarcoma, ƙari ne, sau da yawa kuma daji. Su ne ka ja wa layi da jan biro.

Ranar da sakamakon gwajinka ya fito, Yaya Sani ya tare ni a soro. Ya ce a gidanmu ba a faɗa wa majinyaci irin wannan magana, fargaba za ta kashe shi kafin cutar. Umma ta goyi bayansa. Da na shigo kana kan tabarma bayan la'asar, ka miƙo mini takardar ka ce in karanta maka. Carcinoma aka rubuta, Baba. Ni na ce gastritis. Ka yi hamdala, har ka tsokane ni wai muryata na rawa kamar ’yar aji ɗaya. Da ilimin da ka ba ni na yaudare ka, don na san daidai kalmar da za ta kwantar maka da hankali.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na iya haɗiyewa. Amma akwai ƙaninka, Baffa Ilu. Shekara goma sha ɗaya ba kwa magana, tun rigimar soron gidan gado da ya so ya mayar shago, ya yi fushi ya koma Dukawuya. A kwancen nan sau uku kana ce mini da zarar ka miƙe za ka taka da ƙafarka ka same shi, don ba ka so a ce sai da ciwo ya kayar da kai ka neme shi. Sau uku ina cewa Allah Ya sa. Ni da na san ba miƙewa, me ya hana ni buɗe baki? Tausayinka ne, ko tsoron Yaya?

Baffa ya zo jana'iza, an ce shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Jiya da mutane suka watse ya kira ni gefe. Ya ce mutum mai ilimi kamarka ai ya san tafiya zai yi, amma wata huɗu cur ko aike bai samu ba, ashe har ƙasa ka tafi da shi a zuciya. Dattijo yana kuka a gabana, hularsa a hannu. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ka ga na sake yi maka ƙarya ke nan.

Na tsani kaina, Baba. Yaya ya ce in bar kaza cikin gashinta. Ba zan bari ba. Gobe da hantsi zan je Dukawuya in faɗa wa Baffa cewa ka yi niyyar zuwa, ni na tare maka hanya. Shi yana da bakin da zai zage ni ko ya yafe mini. Kai fa, ta ina zan ji naka?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

’Yarka da ka yarda da ita,
Hadiza