Rufi Ne Jikana?

Daren Laraba, Makera

Haushi ya hana ni barci. Tun shekaranjiya rediyo ya ce an yi girgizar ƙasa a garin da jikana Sadiku yake karatu a ƙasar waje. Na kira har yatsana ya gaji, waya shiru.

Da la'asar ƙanwarsa Ummi ta kawo kwamfuta. "Kaka, ga hoton tauraron ɗan Adam, na kafin girgizar da na bayanta. Kin ga inda ƙasa ta tsage? Ga rufin masaukinsu nan, bai faɗi ba."

Na ce, "Ke, rufi ne jikana? Abin da ya hango tsagar ƙasa daga sama ya kasa hango ƙaton kan yaron nan?"

Bayan isha'i sai ga Zainabun maƙwabta tana sunne kai. Wai tun jiya Sadiku ya kira ta, lafiyarsa ƙalau. Ita! Ni da na goya shi har bayana ya ƙage!

Allah na gode maka. Ka dawo min da shi da kunnuwansa biyu, ina da aiki da su.