Yadda Na Faɗa Kwara da Farar Shadda

Gaya, Alhamis, 22 ga Feburiye

Zuwa ga Munawwara, hasken idona, furen bado mai buɗewa da hantsi, inuwar mangwaro ranar da kasuwa ta yi zahi, farar balbelata wadda ko cikin dubu ba ta ɓace mini. Sallama gare ki, sallamar mutumin da ya sha ruwan Kwara yau da sahe har ya ƙoshi, ya kuma hito yana dariya.

Kahin komi ki kwantar da hankalinki, lahiyata lau. Wayata ce ta tahi, tana can ƙasan gulbi tare da hulata da takalmin hagu, shi ya sa kike ganin takarda. Kin san daga ina nike rubuto miki? Daga zauren gidanku. Gidanku, Munawwara! Ina zamne bisa tabarmar Baba, sanye da rigarshi da za ta ɗauki irina biyu. Ki yahe mini tsoron da na ba ki. Na ji ihun da kinka yi da sunana, ya shiga kunnena tare da ruwa, ruwan ya hita, shi yana nan. Akwai abin da na ɓoye miki kwana hamsin da uku, yau zan zazzage miki shi duka.

Kin tuna kasuwar ƙarshe ta Desamba? Kinka zo rumfarmu ta albasa can Malanville, bakin zanenki jiƙe da ruwan jirgi, kinka zamna bisa buhu kina naɗe gehen mayahinki da yatsa. Tun da anka ruhe gadar Kwara da ke tsakanin Gaya da Malanville, ke ce mai ƙetarowa, ni kuwa ina tsaye kan tudu kamar icen giginya. Kinka ce: "Halliru, Baba ya ce ba ya jin maganar aure ta waya. In azumi ya kama bai ga ƙafarka cikin zaurenshi ba, a bar zancen." Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi da ya hi mini sauƙi. Da za ki tashi kinka ƙara da cewa: "Ban ce ka zama kihi ba. Ka zo kawai."

Ke kaɗai na taɓa gaya ma dalili. Ina ɗan shekara takwas jirgi ya kihe da mu hanyar Madekali, wata mata mai tallar nono ta jawo ni da wuyan riga. Tun daga ranar, ko randa na leƙa sai na ja da baya. Ranar da kinka faɗa mini maganar Baba na raka ki bakin gulbi, na tsaya nesa kamar kullum, ina kallon jirginku yana ƙanƙancewa, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Wane irin so ne wannan da ruwa mai faɗin tahiyar minti goma ya hi shi ƙarhi?

Ran ɗaya ga Zanviye muna shan shayi bakin rumfa, samari kowa na faɗin abin da ya ƙudura na sabuwar shekara. Abokina Khalidu ya rantse ya bar taba, ya jefa kwalinshi bisa rufin rumfa don mu shaida. Ni kuwa na koma gehe ni kaɗai. Na yagi gehen kwali na rubuta: kahin azumi zan iya iyo, in ƙetare gulbi ido buɗe, in gaida Alhaji Na-Allah, mahaihin Munawwara, cikin zaurenshi. Na sa shi aljihu. Kwana ukku bayan haka na iske Khalidu bisa tsani yana lalube saman rumfa. Na yi mishi dariya, amma na san nawa alkawarin ya hi nashi nauyi.

Na tahi wurin Tsoho Issufu, mai jirgin da ke ƙetarar da mutane, wanda duk jikinshi ƙanshin kihi da man inji. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce: "Ɗan Alhaji, ruwa ba ya sanin ɗan wa kake. Ka zo gobe bayan asuba." Ya kai ni wani lungu kusa da gonakin shinkafa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya ba ni wata ƙatuwar gora ya ce in rungume. Ya sanyin idona, da kin gan ni! Ƙaton namiji mai gemu, rungume da gora, yana harba ƙafa kamar kwaɗon da anka taka, mata masu wanki sun bar wankinsu suna riƙe ciki. Wata tsohuwa kullum sai ta gaishe ni da harshen Dendi ta ce ina kwanan amaryata, gorar take nuhi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na karya alkawarin sau ɗaya. Cikin mako na ukku, mun matsa wuri mai zurhi, Tsoho ya janye gorar ba tare da ya faɗa mini ba, na nutse, duk abin da ya faru ina yaro ya dawo mini lokaci guda. Na hito ina amai, na ce na bari. Kwana huɗu ban je ba. Na ce wa kaina za a buɗe gada, na ce Baba zai sassauta, na ce abubuwa da yawa waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Ran na biyar kinka zo kasuwa, kinka kawo mini kilishin Gaya cikin takarda, kinka yi mini hira ta ɗinki da ta ƙawayenki, ba ki ko ambaci gulbi ba. Wannan shirun naki, ya zumar rayuwata, shi ya maishe ni ruwa washegari. Tsoho bai tambaye ni ina na shiga ba. Ya miƙo mini gorar, na ce a'a, yau ba ita.

Daga nan kullum ina ƙara kaɗan. Hannu biyar, hannu goma, daga wannan turke zuwa wancan. Kowace sahiya in na dawo rumfa sai in ja layi ɗaya bayan kwalin nan. Shekaranjiya Tsoho ya ce: "Ba ka iya ba, amma ba ka mutuwa. Je ka ga surukinka."

Yau na sa farar shaddata, na shiga jirgin Tsoho tsakanin buhunan masara da mata 'yan kasuwa, na riƙe katako gam. Idona buɗe, wallahi buɗe! Na ga gulbin da na yi shekara ashirin ina gudu, ashe kyakkyawa ne, rana na wasa bisanshi kamar an watsa azurfa. Muna tsakiya sai ga wani jirgi daga Gaya, cikinshi mayahi ruwan ɗorawa. Ko cikin duhun damina na san wannan zaman, na san wannan karkata kai. Ke ce, ke da Inna Zeinabou, ƙanwar mahaihiyarki da ke aure Malanville, za ku kasuwa, za ki wurina ni da ke zuwa wurinki! Na mance katako, na mance tsoro, na mance duk abin da Tsoho ya koya mini sai sunanki. Na miƙe tsaye ina ɗaga hannu biyu. Na ji Tsoho na cewa "Zamna, mahaukaci", sai sama ta koma ƙasa.

Sauran kin gani, amma ba ki ga na ciki ba. Ruwa ya ruhe kaina, na jira tsoron nan ya zo ya shaƙe ni, bai zo ba. Hannuwana sunka yi aikinsu su kaɗai. Na taso na ga jirgi, na nufe shi, babbar riga na ja na baya, ina ƙirga hannu kamar kowace sahiya. Ashirin da biyu. Mata ukku sunka kama ni sunka jawo ciki kamar buhu, ɗaya tana salati, ɗaya tana zagina, ni kuwa ina kwance bisa masarar mutane ina dariya har hawaye.

Tsoho ya ce mu koma in sake kaya. Na ce ko tsirara ne sai na isa. Haka na ratsa Gaya, ƙafa ɗaya da takalmi, ruwa na bin sawuna, na yi sallama ƙofar gidanku. Baba ya hito, ya dube ni tun daga kai har ƙasa. Sannan ya ce: "Kai ne Halliru? Da jirgi ka zo ko da kanka?" Na durƙusa na ce: "Baba, rabi da rabi." Ya juya baya, na ga kafaɗunshi na motsi. Ya aiko mini da riga da hura, ya zamna ya sa na ba shi labarin tun daga gora. Da na gama ya ce: "Ka gaya wa mahaihinka ya turo manya ran Juma'a ta sama."

Kin ji, Munawwara? Juma'a ta sama! Ina so in hau rufin gidan nan in faɗa wa Gaya, in faɗa wa Malanville, in faɗa wa kowane kamiyo, manyan motocin kayan nan da ke jere bakin hanya. Ya tauraruwar asubata, ya raɓar da ke kwana bisa ganyen shinkafa, me na yi wa Allah da ya ba ni ke? Wace mace ce za ta yi wata bakwai tana ƙetare gulbi don matsoraci, ba ta taɓa kiran shi matsoraci ba?

Baba ya hana ni tahiya sai na ci tuwon rana, don haka na ba Tsoho Issufu wannan takarda ya kai miki gidan Inna, can Malanville. Ki ba ta haƙuri, an ce ta zubar da kwandon tattasai saboda ni. Bayan la'asar zan shigo jirgi in dawo. Ki zo bakin gulbi ki tsaya inda ni kan tsaya, can nesa wurin masu babur, yau ke ce za ki jira, ni in zo.

Na riƙe wannan alkawari da ƙyar, da amai da kunya da dariyar masu wanki, na kuma san yanzu yadda ake riƙe alkawari: kowace sahiya a tashi a sake ɗaukar shi. Haka zan riƙe naki, yau da gobe, har gemun nan ya yi fari, har ranar da za a ɗauke ni.

Naki shi kaɗai, jiƙe ko bushe,
Halliru