Rigar Baba a Kan Igiya

Matameye, Litinin

Salim, ƙanena,
Gaisuwa mai yawa. Iya na gaishe ka, amma ni raina a ɓace yake. Ashe kai ka sace rigar da aka kashe Baba cikinta a rigimar burtali! An ce ka rataye ta a tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar gyaɗa, igiya ɗaya da rigunan makiyayan da suka mutu ranar, wai fasaha. Fasahar banza! Kayan mamaci wankewa ake a yi sadaka, ba a baje jininsa a yi kallo. Kawu Hashimu, ƙanen Baba, ya rantse zai ƙone wurin. Ka sauke ta, kada a kashe mana kai.
Yayarka Mansura

Damagaram, Laraba

Yaya Mansura,
Ina gaishe ki da Iya. Riguna tara ne, biyar na manoma, huɗu na makiyaya. Na cusa musu kara suka tsaya kamar mutane, babu suna a kan ko ɗaya. Mai shiga ba ya ganin ƙabila, sai ramin kibiya da saran adda. Juma'a zan zo in buɗe. Ba zan sauke ba.
Ki huta lafiya.
Salim

Matameye, Asabar

Salim,
Sannu da jiki. Ga abin da ya faru bayan ka suma a ƙofar mangazar. Wallahi har yanzu ina jin ƙarar addar da Kawu ya sare maka hannu da ita. Mutanensa suka kwarara isansi, wato fetur, ya ce a dakata ya fidda rigar yayansa. Ya fizgo ɗaya, ya rungume, yana kuka kamar yaro. Sai Iya ta ratsa taron ta ce, "Hashimu, wannan ta makiyayi ce. Ta yayanka ga ta can, ni na yi mata faci a wuya." Ya dubi rigar, ya dubi jininka a ƙasa, ashana ta faɗi daga hannunsa. Jandarmomi sun tafi da shi.
Likita ya ce hannun ba zai tsira ba. Na yi kuka har na gaji. Rigarka na wurina, gobe zan wanke ta.
Mansura

Asibiti, Lahadi

Yaya,
Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar. Kada ki wanke ta. Akwai sauran wuri a kan igiyar.
Ki gaida Iya.
Salim