Lambar da Ta Tashi a Babankatami

Buza, lokacin ɗari, 1942

Zuwa ga Jaratu, tare da gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya nauyin jiki? Yaya mahaifinki Malam da mutanen Madawa? Allah ya sauke ki lafiya.

Ni lafiya lau, sai dai raƙumi ya gama da ƙuguna. Kin ce tun da na dawo daga makarantar likita ta Dakar ba ni da zance sai na cuta. To yi haƙuri, yau ma shi ne. Da kin so miji mai daɗin hira da kin auri maroƙi.

Kin san malamina bai sallame ni ba tukuna. Sai na gama masa bincike a kan abu guda kafin a ba ni takardar likita: me ya sa lambar agana ba ta kamawa a Adar. Ruwan lambar nan abu ne mai rai, Jaratu. Daga jikin maraƙi ake samo shi, ƙwayar da ke ciki kuma ko madubin likita bai ganinta. In an tsaga hannu an shafa, jiki zai yi faɗa da ita ya koyi faɗan, ranar da agana ta gaske ta zo sai ta tarar an san ta. Amma zafi na kashe ta. Daga Yamai zuwa nan, a kamyo, babbar motar kaya, da bayan raƙumi, sau da yawa kafin ta iso ta zama ruwa kawai. Shaidarmu ɗaya ce: bayan mako a duba hannu, in ya tashi ya yi ƙurji, to tana da rai.

A Keita da Bangi hannuwa kaɗan suka tashi, har na fara fid da rai. Da sabon kaso ya iso Buza sai dabara ta faɗo mini. Na cusa kwalaben cikin tukunyar jiƙaƙƙen yashi, na yi ta yayyafa ruwa har garinmu Babankatami. Mako ya zagayo, hannuwan gari kusan duka suka tashi! Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na riga na rubuta wa lokotoro, babban likitan Tawa, da malamina cewa na samo kan abin.

Wadda kike jin kunyar kiran sunanta don ɗiyar fari ce, ni Dakar ta cire mini wannan, Fatsima, ita ma na yi mata lambar. Ta cije ni a yatsa, halin uwarta. Inna ta ce tun da aka kai mata ita yaye ba ta taɓa kuka irin na ranar ba, har ta yi fushi da ni. Hannunta ya tashi da kyau, ki kwantar da hankalinki.

Ki gai da kowa da kowa. Naki,
Isiyaku

Babankatami, farkon bazara

Zuwa ga Jaratu, barka da arziki, barka da sauka lafiya. Manzon Malam ya iso da albishir. Yaya jego, yaya ɗan baƙo? An ce ya ɗebo hancina. Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsa, ya raya mana shi.

Ba zan samu zuwa suna ba, kuma ki san ba son raina ba ne. Agana ta shigo ta wajen Keita tare da ayari, ta fara taɓa ƙauyukan gabas da mu. Kullum ina cikin masu ciwo, bai kamata in shigo ɗakin jariri da rigar nan ba. Malam ya raɗa sunan da ya ga dama.

Nan gari hankali ya tashi. Inna ta ɗaure kaya za ta hau tungar dutse da Fatsima, yadda iyayenmu ke yi in cutar ta tunkaro, kowa ya watse da yaransa har ta wuce. Wasu ma sun fara kora awaki. Na tsaya ƙofar maigari na ce ba inda za a je. Can tunga rijiya ta kusa ƙafewa, ga rana, ga yara ƙanana. Na ce duk wanda hannunsa ya tashi, agana ba ta da hanya a jikinsa. Sun saurare ni, Jaratu, har dattawan da suka ga kaciyata. Inna ta kwance kayanta.

Abu guda ne ya ɗan tsaya mini a rai. Ɗan Gado maƙwabcinmu, wanda na yi wa lamba da hannuna, yana kwance da zazzaɓi da ƙuraje. Ina tsammanin ƙarambau ce.

Ki sha kunun kanwa da yawa, kada ki yi musu gardamar wanka. Naki,
Isiyaku

Babankatami, tsakiyar bazara

Jaratu, ina gaishe ki. Ina fatan ke da Bubakar kuna lafiya. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Ba ƙarambau ba ce. An binne ɗan Gado, an binne ƙanwarsa. Yanzu ba gidan da ba a shiga ba a unguwarmu. Fatsima ta kwanta. Ƙurajen sun fara mata a baki da fuska, yau sun sauka tafin hannu.

Na yi ta bin gida-gida ina kama hannuwan yara ina duba tabon. Tabon lamba ta gaskiya yakan lotsa, da ƴan ramuka a ciki. Waɗannan sumul suke kamar ƙunar garwashi. Na koma gida na tsugunna gaban Inna da hannun Fatsima a nawa, na tambaye ta me aka sa wa wurin nan. Ta ce nonon tumfafiya ne.

Ga abin da ya faru. Bara, kafin in dawo, wani ya zo ya yi lamba a nan, hannuwa ba su tashi ba. Gardawan kumandan, dogaran Baturen mulki, suka tattara mata da yara suka kora su Buza a ƙasa don a sake, suka bar su zube a filin bariki cikin rana, har wata ta yi ɓari a hanya. Daga nan mata suka gane abin da ake nema a gani ƙurji ne. Da na yi tawa lambar na juya baya, sai suka riƙa ɗiga nonon tumfafiya a kan tsagar, shi kuwa ya ci fata ya kumbura ta. Gari duka ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Ruwan da na yi ta lallaɓawa cikin yashi tun a hanya ya mutu.

Na ɗaga wa Inna murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce, "Mi kaka so in yi, ɗan nan? Ka ga kukan da tay yi. In hannu bai tashi ba a sake yanka ta, a ja ta Buza ƙasa. Mu cewa munka yi tabon shi a magani, tunda shi aka dubawa." Ban taɓa zama na gaya mata abin da na gaya miki a takardar farko ba. Na tsaga, na duba, na yi murna, na wuce.

Na aika Tawa a kawo sabon ruwa. Ban ambaci tumfafiya ba, don in kumandan ya ji, bulala ce za ta hau matan garin nan, har da Inna. Lokotoro ya amsa cewa ni da kaina na shaida masa Babankatami ta kamu, kuma saboda yaƙin Turawa ba abin da ke shigowa, ɗan abin da ya rage na barikin soja ne. Ko na faɗi gaskiya duka babu abin da za a aiko.

Tsoro nake ji, Jaratu. Na san sunan cutar nan da Faransanci, na san yadda take tafiya a jiki daki-daki, amma abin da nake iya yi wa ɗiyarmu shi ne in ɗiga mata ruwa a baki in kore mata ƙuda. Ki roƙi Malam ya sa ta a addu'a.

Naki,
Isiyaku

Babankatami

Jaratu, sallama da gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi abinsa jiya da hantsi. Ƙurajen sun rufe mata ido tun kafin nan, ba ta ga kowa ba, amma ta san muryar Inna har ƙarshe. Ni na ɗauke ta zuwa makwancinta, don masu ɗauka sun yi ƙaranci.

Inna ba ta cin abinci. Da ta buɗe baki sai ta ce a roƙar mata gafara wurinki. Ita ta so ta hau dutse da yarinyar, ni na hana. In za ki riƙe wani a zuciya, ni za ki riƙe.

Na rubuta wa malamina cewa abin da na aika masa ba gaskiya ba ne, ya yaga. Ba na jin zan koma Dakar.

Na san da kin ji za ki ɗauki mayafi. Don Allah kada ki zo karɓar gaisuwa, kada ki bari kowa daga Madawa ya zo. Bubakar ba shi da lamba, kuma a duk ƙasar nan babu mai rai da zan yi masa. Ban san ranar da zan gan shi ba. Takardar nan ma a ɗakin da ta kwanta na rubuta ta. In kin gama karantawa ki jefa ta wuta, ki wanke hannu da toka da ruwan zafi kafin ki ɗauki yaron.

Allah ya ba mu haƙuri. Mijinki,
Isiyaku