Ni da Butar Shayi a Gaban Aji

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gaisuwa. Ya jikinki, ya maigidanki da yara? Muna lafiya a Gubaira, amma raina a ɓace yake.

Malamar tarihi ta ce ranar Lahadi zan nuna wa aji yadda tururi ya fara jan jirgin ƙasa. Kin san ni da kunya. Baba ya gwada mini da butar shayi, murfinta na rawa, ya ce zai zo ya taya ni. Na tuna masa maza ba sa shiga makarantarmu. Ya ce, "To, tafi da butar." Malama kuma ta hana kunna wuta a aji.

Ni da buta mai sanyi za mu tsaya. Ki yi mini addu'a kada muryata ta maƙale. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Safiya