Allurar Baba da Yatsun Dada

Bagadaza, Gombe.

Zuwa ga Yaya Abdulhamid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Anti Najeeba da yara, Allah ya ƙara rufa asiri, ya ba ka sa'ar karatun da ya kai ka nesa. Mu nan alhamdu lillahi. Yusra ta fara koyarwa, Goggo Asta kuma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa. Na zaɓi takarda ne saboda in na fara maganar nan a waya zan ɗaga murya, kuma mahaifiyarmu Dada za ta ji.

Ka tuna allurar ciwon suga mai kamar biro da ka aiko wa Baba, da kwalin tsinkayenta. Ka yi mana bayani cewa kowane tsinke yana da hular roba, da an yi allura an zare sai hular ta rufe bakin ta kulle, ba ya sake tsira kowa. To ka manta wa ka aiko wa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo bai taɓa ganin abu a kulle ya ƙyale shi ba. Baba ya ce wannan almubazzaranci ne, ƙarfe lafiyayye a jefar bayan tsira ɗaya. Ya ɗauko filayarsa ya ɓalle hulunan ɗaya bayan ɗaya, har yana nuna wa baƙi kamar ya yi abin kirki.

Wallahi Yaya, da a nan ya tsaya da sauƙi. Ka san majalisarsu ta ƙofar gida bayan la'asar. Uku daga cikinsu masu suga ne, Baba kuwa ba ya cin goro shi kaɗai, balle magani daga waje. Ashe wata biyar ke nan biron yana zagayawa tsakaninsu, wannan ya ɗaga riga ya tsira a ciki, ya miƙa wa na kusa. Ni ban sani ba sai ranar Asabar da na je neman murfin tukunya, na buɗe langar da muke zuba miya a ciki, na tarar da tsinkaye tsirara sun fi ashirin suna jiƙe a ruwan ɗumi, ruwan ya yi ja-ja, ƙuda na bin bakin langar. Na fita bayan gida na yi amai. Har yau ba na iya cin miya a gidan.

Da na tambayi wa ke wanke su, Dada ta ce ita ce, da soso da sabulu, kullum da safe. Na kama hannunta na duba. Yatsunta duk ɗigo-ɗigon tsira ne, tana ta ɓoyewa tana cewa ƙayar kifi ce. Na kira Chizoba, ƙawata nas da ke Federal Low-Cost, ta zo a keke ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta gaya wa Baba cikin ladabi cewa ba don kowa aka yi hular nan ba sai don hannun mai share wuri bayan an gama, kuma biron kansa na mutum ɗaya ne ko an canza tsinke, don haka a kai su duka gwajin jini. Baba ya ce ita yarinya ce, abokan majalisarsa su Malam Muktar mutanen kirki ne masu alwala, kai su gwaji cin mutunci ne. Na ji kunya, na ji haushi, na ce masa ciwo ba ya duba alwala. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

Sai da Chizoba ta ɗaga masa hannun Dada ya gani da idonsa sannan ya daina musu. Washegari da kansa ya tara su duka muka je asibiti. An sami ciwon hanta a jinin Malam Muktar, shi ma bai san yana da shi ba. Na Baba ya fito lafiya lau, an yi masa rigakafi. Na Dada, wadda ba ta da suga, ba ta taɓa tsira kanta da gangan ba, shi ne ya fito da ciwon. Likita ya ce ba zai rantse daga ina ta samo ba, za su ci gaba da duba ta, kuma akwai magani. Ni dai na ga langar.

Baba ya daina fita majalisa. Jiya ya miƙo mini filayar a naɗe cikin tsumma. Dada kuwa damuwarta ɗaya, kada ka ji ka fasa jarrabawa. Ta sa na yi alkawari, ga shi na karya. Ka kira ta ranar Juma'a, kada ka nuna ka sani, ka dai daɗe kuna hira.

Ka gaishe da Anti Najeeba da 'yarku Nana Hauwa. Goggo Asta da Yusra suna gaisuwa. Dada ma ta ce in gaya maka tana nan lafiya ƙalau.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu.